Ƙafa Shida na Azara: Sharhi Kan Gidan Madaki na Kafin Madaki

A ƙasar Hausa gida sunan mai shi yake ɗauka. Muna cewa Gidan Rumfa, Gidan Makama, Gidan Korau, Gidan Ɗan Hausa, ba mu cika tsayawa mu tambayi wa ya kwaɓa ƙasar, wa ya ɗora azarar ba. Magini kan gama aikinsa, ya wanke hannu, a sallame shi, sunansa ya bi shi. Don haka abin lura ne a ce akwai wani gida a wani ƙaramin gari da sunan magininsa ya rinjayi na mai shi. A takardun hukuma Gidan Madaki ne. A bakin jama'a kuwa Babban Gwani ne.

Garin shi ne Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa a jihar Bauchi, a kan hanyar da ta tashi daga Bauchi ta nufi Ningi. An gina gidan wajen 1860 domin Madakin Bauchi, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu. Maginin da ake danganta aikin da shi shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu littattafai ke kira Malam Mika'ilu. Shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shi kuma ake wa laƙabi da Babban Gwani. A 1956, saura shekara huɗu a sami 'yancin kai, aka sa gidan cikin rukunin farko na gine-ginen tarihi da dokar Nijeriya ta ba kariya.

Wannan duk tarihi ne da ɗalibi zai iya haddacewa don jarrabawa. Abin da ya dame mu a nan shi ne: me mutumin nan ya yi da ƙasa da itace har sunansa ya danne na basarake? Mu kuma da ke yaba shi, muna ganin abin da ya yi ɗin? A ganinmu yawancin yabon da muke wa irin waɗannan gine-gine yabon ado ne, na zanko da zanen bango, alhali gwanintar tana can sama a rufi. Wanda bai gane haka ba, ko da niyyar adana ginin ya zo, yana iya zama ajalinsa.

Tubali kafin bulo

Sai mu fara da bango, tunda da shi ake farawa. Yaron da ya tashi a birni yau idan aka ce masa gidan tubali, abin da zai zo masa a rai shi ne bulo mai kusurwa huɗu, na siminti ko jan bulo da aka gasa. Tubalin Hausa daban yake. Da hannu ake mulmula shi, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, kamar ƙwai da aka zaunar. Jar ƙasa ake haƙowa, a jiƙa, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta tsima, a sake cuɗawa, sannan a mulmula a shanya a rana. Ba ya ganin wuta.

Wajen gini ana jera shi ne tsininsa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bari sahun ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Da yake turmin da tubalin duk daga ƙasa ɗaya suke, idan suka bushe sai su zama jiki guda. Bangon babban gini kan fara da kauri sosai a ƙasa, yana hawa yana sirancewa, domin nauyin da ke kan gindi ya fi na kai. Wannan ɗan karkacewar da ke sa ginin Hausa ya yi kamar ya tsiro ne daga ƙasa, lissafin nauyi ne kafin ya zama kyau.

Kaurin yana da wani aikin. Bango mai kauri a hankali yake shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa ya isa ciki rana ta yi sanyi. Da hunturu kuma ɗumin da ya tara da rana shi yake saki da dare. Duk wanda ya taɓa zama a tsohon zaure da tsakar ranar bazara, sannan ya koma ɗakinsa na bulo da kwano ya tarar an ɗauke wuta, ba ya bukatar wani ya yi masa bayani.

Amma bango ba shi ya ba Durugu suna ba. Kowane magini na kirki a zamaninsa ya iya bango.

Matsalar ƙafa shida

Wahalar ginin ƙasa tana rufi. Ƙasa tana da juriya idan aka danne ta, amma ba ta jure ja ko lanƙwasa. A shimfiɗa ta a sarari tsakanin bango biyu, sai ta tsage ta rufto. Dole a sami abin da zai riƙe ta, kuma a ƙasar da dogayen itatuwa miƙaƙƙu suka yi ƙaranci, ga gara na jira, abin da magina suka dogara da shi shi ne azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya. Azara tana da tauri, gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin rufin ƙasa, tazarar da za ta iya ɗauka ba tare da tokari ba ba ta wuce kamar ƙafa shida, wato wajen mita 1.8.

Ƙafa shida faɗin ɗan ƙaramin ɗaki ne. To yaya za a yi wa basarake soron da zai zauna da fadawansa da baƙinsa? Hanya mafi sauƙi ita ce a cika ɗakin da ginshiƙai, kowane taku biyu ginshiƙi, sai ɗaki ya zama daji, mai magana ba ya ganin mai sauraro. Kusan dukkan tarihin ginin Hausa ƙoƙari ne na tsallake wannan ƙafa shida ba tare da an cushe ɗaki ba.

Amsar da magina suka samo ita ce baka, wadda ake kira bakan gizo. A ido ta yi kama da bakar da ake gani a gine-ginen Rumawa ko na Larabawa, amma aikinta daban. Waccan duwatsu ne ko bulo da aka jera a kan katakon tallafi, suna tokare juna, sai an sa na tsakiya sannan a zare katakon. Tamu kuwa daga cikin bango take tsirowa. Ana dasa azara a jikin bango tun ana gini, ta leƙo ciki kaɗan. A ɗaure mata wasu da igiya su ƙara leƙowa, kowane gaɓa na ƙara kwantawa, a lulluɓe da ƙasa, a jira ya bushe, a ƙara. Haka ake yi daga bangon da ke fuskantarsa, har hannayen biyu su haɗu a tsakiya. Azara na ɗaukar ja, ƙasa na ɗaukar danni, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri. Injiniyan yau da ke saka rodi cikin kankare, wannan dabarar yake yi da wasu kayan.

Kowane hannu na baka magina na kiran sa ƙafa. Idan baka biyu suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, an sami ɗaurin guga, sunan da aka aro daga sandunan da ake gittawa a bakin gugar rijiya. Da an yi haka, rufin ya rabu gida huɗu, kowanne bai wuce ƙarfin azara ba. A ƙara ƙafafu, a ƙara faɗin ɗaki. Sai a jera gajerun azara a cikin kowane gida, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa a sama yadda ruwa zai gangare zuwa indararo.

Ba Durugu ne ya ƙirƙiro baka ba. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a saba kai ta ba, a tsawo da faɗi da yawan ƙafafun da ke haɗuwa, kuma ya sa ta yi kamar ba wahala. Manyan sorayen Gidan Madaki, kamar zauren sallar Masallacin Zariya, a nan darajarsu take. Mai shiga ya ɗaga kai ya bi baka ɗaya da ido daga inda ta baro bango har inda ta sadu da 'yar'uwarta. Abin da yake kallo lissafi ne da aka yi ba takarda, ba alƙalami, aka kuma yi shi daidai, tunda ga rufin nan bayan fiye da shekara 160.

Adon da ba a liƙa ba

Wannan ya kawo mu ga abin da muke ganin shi ne babban darasin gidan. A irin wannan rufi, abin da ke riƙe ginin shi ne abin da ke ƙawata shi. Bakar da ke jan ido ita ce ke ɗauke da nauyi. Jerin azarar da ke fitar da zane tsakanin baka da baka, an jera ta haka ne don a gajarta tazara. A cire adon, rufi ya faɗo.

Mu kwatanta da abin da muke yi yau da sunan "ginin gargajiya". A yi gida da bulo da rodi, a rufe da kwano, sannan a dasa zanko na siminti a kusurwoyi, a zana dagin Arewa a saman ƙofa, a shafa fenti ruwan ƙasa. A ciki kuma a kafa silin na roba, wani lokacin har da baka ta filasta da ba ta ɗauke da komai sai kanta. Ba mu ce haramun ba ne, kowa da abin da ke burge shi. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa mun gaji Babban Gwani. Rigarsa muka ara, muka bar ilimin.

Akwai kuma abin da tsarin ginin ke faɗa game da zamaninsa. Sunan garin kansa ya nuna wuri ne da aka kafe don tsaro, kuma an yi gidan ne a shekarun da Bauchi ke fama da yaƙe-yaƙen Ningi. Ginin Hausa na masu mulki ba ya baje kansa a waje. Bango ne mai kauri, ƙofa ƙarama, tagogi 'yan mitsi-mitsi can sama. Baƙo kan baro hasken rana ya shiga duhu-duhu, idonsa ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya saba, sannan rufin ya bayyana a kansa. Kafin mai gida ya ce uffan, ɗakin ya riga ya gaya wa baƙo a gaban wa yake. Gwanin magini ya san wannan, kuma don shi aka ɗauko shi tun daga Zariya.

Inda yabo ya kamata ya tsaya

Sharhin da ba ya ganin aibi kirari ne. Don haka mu faɗi gaskiya.

Na farko, wannan gini ne na mulki. Manyan gine-ginen ƙarni na 19 da ƙarfin bayi da na talakawa aka yi su. Dubban tubalan da ke jikin bangon nan, kowanne akwai hannun da ya mulmula shi, akwai kan da ya ɗauko ruwan kwaɓa shi. Mun yi murna da sunan magini ya tsira, amma sunan mutum ɗaya ne cikin masu yawa.

Na biyu, duhun da ke ƙara wa soron fada kwarjini, a ɗakin kwana ko na karatu cikas ne. Ƙananan tagogi na hana zafi shiga, suna kuma hana hayaƙi da danshi fita.

Na uku, wanda ya fi duka, ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Kafin kowace damina sai an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo, an sabunta yaɓe. Magabata suna da magungunansu: makuba daga ɓawon ɗorawa don yaɓen bango, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don rufi. Amma duk wannan aiki ne da kuɗi, shekara bayan shekara. Iyayenmu da suka kwana suna tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo, ko suka ga bangon maƙwabci ya faɗa wa mutane cikin watan Agusta, ba wauta ce ta sa suka koma bulo da kwano ba. Mai zaune a ɗaki mai na'urar sanyaya iska ba shi da bakin yi musu gori.

Abin da muke ƙi shi ne a tsallaka daga "ginin ƙasa na son kulawa" zuwa "ginin ƙasa na matalauta ne". Maganar farko gaskiya ce. Ta biyu kuwa Gidan Madaki ya isa ya ƙaryata ta.

Me ake adanawa?

Akwai labarin baka da ake bayarwa game da ƙarshen Durugu. An ce bayan ya gina masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan gwanayen magina a ƙasashe da dama. Abin da ya sa ya zauna a bakin mutane shi ne gaskiyar da ke cikinsa: ilimin ginin a kan mutum yake. Ba zane, ba littafi. A kawar da mutumin, an kawar da duk ginin da bai riga ya yi ba.

Mu yau ba ma bukatar takobi. Ya isa mu bar maginin gargajiya ba aiki, ɗansa ya ga ba ci gaba ya koma acaɓa ko ya koyi jera bulo. Zuriyar Babban Gwani na nan a Zariya, har unguwa ake kira da sunansa, kuma sarautar Sarkin Magina ba ta ɓace ba. Amma sarauta ba ta koyar da hannu. Ɗaurin baka sai an yi ta yi ake iyawa, kuma ba wanda zai yi ta yi idan ba mai ba da aiki.

A nan ne kalmar "adanawa" ke iya yaudararmu. Takobi ko kandiri ana iya sa shi a akwatin gilashi a kulle. Ginin ƙasa kuwa rayuwarsa a hannun masu taɓa shi take. Doka na iya hana a rushe shi, ba ta iya hana ruwan sama sauka. Kuma gyaran da ya fi saurin zuwa ran mai kuɗi, wato a yaɓe bangon da siminti a huta, shi ne mafi haɗari. Siminti ba ya numfashi kamar ƙasa. Zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka ba a daɗewa sai ya tsage ya rabu da bangon. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye, fuska kuwa sumul. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ginin ƙasa yana nuna tsagarsa a gyara. Siminti ɓoye ta yake yi har ranar da komai zai zube.

Masallacin Zariya ya nuna wata hanyar. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na zamani aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon a cikinsa. Bakunan sun tsira daga ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ginin ya rasa bayansa, ya rasa tulluwoyinsa a sararin sama. Mai son ganin siffarsa ta waje sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka yi kwafinsa bisa awon da Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya yi tare da ma'aikatansa 'yan Nijeriya. Littattafansa uku kan gine-ginen gargajiyar Nijeriya sun fito a 1990, bayan rasuwarsa. Aiki ne da ya cancanci godiya. Sai dai awo da hoto suna gaya mana yadda baka take ne, ba sa ɗaura ta.

Ba a makara ba

Kada a ɗauka muna makoki ne. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya yi ta faɗaɗa shi, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, duk a jihar Tawa, an kammala wani aiki a 2018 inda aka mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Mariam Issoufou, 'yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ne suka tsara shi, suka kuma jawo maginan gargajiya cikin aikin. Mariam da ilimin kwamfuta ta fara kafin ta koma zanen gine-gine, kuma waɗanda ke rubuta manhaja a cikinmu ba za su yi mamaki ba. A sana'armu mun san cewa abin da aka rubuta, komai kyansa, ranar da ya rasa mai kula da shi ya fara mutuwa.

Darasin Dandaji shi ne ba dole a zaɓi tsakanin yoyo da zafi ba. Ana iya ɗora bangon ƙasa a kan harsashin dutse ko kankare don danshi, a faɗaɗa taga, a kare kan bango daga ruwa, a bar kaurin ya yi aikinsa. Abin da ba za a iya ba shi ne a yi hakan ba tare da mutanen da suka san halin ƙasa a tafin hannunsu ba. Makarantunmu na koyon zanen gine-gine, da masarautu, da masu hannu da shuni da ke gina gidajen saukar baƙi da makarantu da masallatan unguwa, su ne ke da ikon ba su aiki. Soro ɗaya na gaske da aka ba magini ya ɗaura da almajiransa ya fi zanko ɗari na siminti amfani ga Gidan Madaki, domin daga cikin almajiran nan ne za a sami wanda zai gyara rufinsa nan da shekara talatin.

Saboda haka duk wanda hanya ta bi da shi Kafin Madaki, ya tsaya, ya nemi izini ya shiga. Kafin ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya ɗaga kai ya ƙirga ƙafafun da suka haɗu a samansa, ya tuna cewa azara ƙafa shida kawai take iya ɗauka. Idan ya fito, ya tambayi masu gidan wane magini ne ya yi yaɓen ƙarshe, kuma ko yana da yaron da yake koya wa.